Rigar da Ta Ƙi Yagewa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban yara da 'yan biyu da duk marasa lafiyarki masu ƙafa huɗu. Umma tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki gwiwar ta yi sauƙi, amma kada ki ji haka ki fasa zuwa. Tunda kin ce ba za ki ƙara ɗaga wayata a wurin aiki ba, wai ban iya gajeriyar magana ba, to ga takarda. Ki karanta a tsaye ko a zaune, ba ruwana.

Yaya, wani abu ne ya tsaya min a rai, kuma ya shafi sana'ata. Kin tuna shagon gyaran agogon da ke kallon nawa, wanda ya daɗe a rufe? Wani ya kama shi tun bara. Dogo ne, siriri, idanunsa kalar zuma, ba ya son magana. Kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa kamar za a ƙwace. Wata bakwai ke nan a jere, duk wata sai ya tsallako titi da riga a naɗe cikin jarida, ya ajiye min a tebur, ya ce, "Malama, don Allah a taimaka, ƙusa ce ta kama ni."

Shekarata goma sha ɗaya a kan keken nan, na san yagar ƙusa. Wuri ɗaya take yi, mai kusurwa. Wannan kuwa ɗinkin kafaɗu biyu ne ke farkewa tare, bayan rigar ya tsage daga wuya har ƙasa, maɓallai duk sun tashi, kuma bakin zaren waje yake kallo, wato daga ciki aka turo. Sai ka ce mutum ya kumbura a cikin rigar. Shi kuwa bawan Allahn nan iska mai ƙarfi ma sai ta yi gaba da shi.

Watan farko na ɗinke ban ce komai ba. A na uku na ce, "Malam, wai ina ƙusar nan take? Nuna min ita in sa a cire." Ya sunkuyar da kai ya ce ai ƙusar yawo take yi. Umma tana kujerarta tana tsinke min zare, ta yi dariya har tabaraunta ya faɗo cinya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Duk rigar da ya kawo sai na tarar da gashi a maƙale cikin ɗinkin, toka-toka, mai kauri. Na tambaye shi ko yana da kare, ya ce a'a. Na ƙunso miki kaɗan a cikin takardar nan, ki duba min, tunda ke ce likitar dabbobi. Sannan Manaja, magen nan tawa da ba ta tashi daga kan tebur ko gobara ake yi, da ya doso shagon sai ta haye can saman kantar yadi ta ƙi saukowa sai ya tafi.

Kada ki fara min wani zance. Ba ruwana da mutumin, ɗinkina ne ke farkewa duk wata, kuma raina ba ya so.

Ki gaida mutanen gidan. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida Umma da ke. Ki ce wa Umma ina tafe, kuma ta daina hawa bene da kwandon wanki.

Na karanta takardarki. Kin faɗi tsawon mutumin, da kalar idonsa, da yadda yake riƙe kofi, sannan kika ce ba ruwanki da shi. To, na ji.

Gashin na sa shi a madubin asibiti. Ba na kare ba ne. Shekara goma sha biyar ina tsintar gashin kare a rigata da cikin abincina, na san shi ko a mafarki. Wannan ya fi kauri, kuma hawa biyu ne, akwai mai laushi a ƙasa. Na nuna wa babban likitanmu, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko wani nawa yana aiki a gidan namun daji. Na ce ban sani ba, don ban sani ɗin ba.

Ki rubuto min ranakun da ya kawo rigunan, duka, idan kina da su. Kada ki tambaye ni dalili. Kuma ki daina yi wa Manaja dariya, ta fi ki hankali tun tana jaririya.

Ki kula da kanki.

Yayarki

*

Zuwa ga Malama mai ɗinki,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Umma. Na sa ta a aljihun rigar ne saboda na lura kina duba aljihu kafin ki fara aiki, tun ranar da kika dawo min da ɗan sukurun agogon da na yi kwana huɗu ina nema.

Dalilin rubutowa shi ne agogon bangon shagonki. Daga inda nake zama ina hango shi, kuma kullum yana yin baya da minti huɗu. Tun watan jiya nake lissafe da shi, yanzu ya kusa cin awa biyu, ke kuma sai ki riƙa gyara shi da yatsa, abin da ke ƙara lalata shi. Idan kin ba ni izini zan zo in duba. Ba wai kallon shagonki nake yi ba. Agogon ne yake daidai saitin idona, kekenki kuma yana ƙarƙashinsa.

Ina kuma ba wa magenki haƙuri. Ban taɓa yi mata komai ba, amma ban ga laifinta ba.

Ɗinkinki yana da kyau ƙwarai. Idan yana farkewa, laifin ba daga wurinki yake ba, ina so ki san wannan.

Akwai wata magana kuma, sai dai takardar ta ƙare.

Na gode. Ki huta lafiya.

Maƙwabcinki,
Mai agogo

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ya aiki, ya yara. Umma ta ce ta ji saƙonki, kuma kwandon nata ne, benen ma nata ne.

To Yaya, kin yi nasara, sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha. Ina son mutumin. Na faɗa, kuma ba na jin kunya. Ya sa min takarda a aljihun riga ta takwas, ya cika ta da zancen agogo, daga ƙarshe ya ce wai akwai wata magana amma takardar ta ƙare. Yaya, rabin shafin fari ne fat. Na karanta ta ya fi sau goma.

Ya zo gyaran agogon. Aikin da ni kaina na san bai wuce minti goma ba, kwana uku ya yi yana yi. Ya sauke, ya kwance, ya mayar, ya ce sai ya dawo ya ji yadda ya kwana. Umma tana ba shi shayi tana yi masa tambayoyi kamar 'yar sanda, shi kuma yana amsawa yana kallon takalminsa. Da zan gyara masa wuyan wata riga na ce, "Tsaya cak, ɗaga haɓa," yadda nake ce wa yaran makaranta, sai ya ƙame ya daina numfashi har sai da na ce ya sauke. 

Ranakun da kika tambaya na kwafo su daga kalandar bango, suna bayan takardar nan. Abin da na lura, duk wata ranar tana ja baya da kwana ɗaya ko biyu. Ki yi abin da za ki yi da su.

Yanzu ga babban labari. Na gaji da ganin ɗinkina a farke, don haka na ɗinka masa riga sabuwa dal, kyauta. Daga waje shuɗiya ce mai laushi, ba za ki ce komai ba. Amma ciki na shimfiɗa mata yadin wandon makanikai. Zaren kuwa na karɓo wurin mai ɗinkin tamfol na ƙarshen layinmu, na bi kowane ɗinki sau uku. A cikin wuyan rigar na zura bel ɗin kujerar mota, na rufe shi ruf, maɓallin wuyan kuma na ƙarfe ne, na naɗe shi da zaren tamfol sau ashirin. Allura huɗu na karya. Da na gama na ɗaura hannun rigar a ƙofar shago, ni da matar mai wanki muka ja iya ƙarfinmu. Ƙofar ce ta sauko, rigar ko gezau.

Ban faɗa masa komai a kan cikinta ba, so nake ƙusar tasa ta sha mamaki. Da na miƙa masa ya daɗe yana shafa ta, sannan ya ce zai sa ta ranar da ta fi kowace rana nauyi a wurinsa. Ni dai na ji daɗi har cikin raina.

Makarantu sun kusa komawa, kayan yara sun cika min shago har ba wurin sa ƙafa. Idan kin ji ni shiru, shi ne.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Malama mai ɗinki,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wannan rigar ba abin da ya same ta, ni na cire maɓalli ɗaya da hannuna don in sami aljihun da zan sa takarda. Yau na samo takarda mai faɗi, ba ni da sauran uzuri.

Babu wata ƙusa. Ki gafarce ni.

Duk ranar da wata ya cika, daga fitowarsa har asuba, ina rikiɗa in koma kyarkeci. Na san yadda wannan magana take a kunne, na kuma san za ki iya cewa na taɓu. Gado ne daga wurin mahaifina, shi ma daga nasa. Ba a ɗaukarsa ta cizo ko yakushi, da shi ake haihuwar mutum. Ban taɓa cutar da mutum ba. Kaji bakwai na maƙwabta na ci ina ɗan shekara sha huɗu, kuma har yau abin yana damuna.

Akwai tsohon ɗakin injin ruwa a bayan layin dogo, bayan gidan katako, wanda mahaifina ya saya saboda wannan. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, na haɗa mata makulli da injin agogo. Idan na rufe da ƙarfe biyar na yamma, ko ni ba zan iya buɗewa ba sai shida na safe. Taga ɗaya ce, mai sandunan ƙarfe. A cikin wannan hali ina jin ƙamshi, ina jin murya, amma kalmomi suna ɓace min, kuma ban yarda da kaina ba.

Sauran maganar ta fi wannan ba ni kunya. Mai hankali yana tuɓe riga kafin lokacin, kuma haka nake yi shekara da shekaru. Sau ɗaya na makara, rigar ta yage, na kawo miki. Kika ɗaga ta sama kika dubi yagar, kika dube ni, kika yi tsaki. Tun daga ranar nake barin riga a jikina da gangan, don in sami abin da zan tsallako titi da shi. Riguna bakwai na kashe a kanki, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba.

Ina sonki, ina son in aure ki. Na taɓa faɗa wa wata gaskiyar nan, kafin sati ta bar garin, kuma ban riƙe ta a rai ba. Idan ke ma haka ne, kada ki ce komai, shirun ya ishe ni amsa.

Wata zai cika ranar Alhamis ta sama. Zan sa shuɗiyar rigar da kika ba ni. Na san ɓarna ce, amma ina so ko sau ɗaya in shiga ɗakin nan da abin da hannunki ya yi domina. Idan kin yarda in kawo miki ita ranar Juma'a a farke, zan kawo.

Ki huta lafiya.

Mai agogo

*

Auta,

Salam. Na kira wayarki sau tara, a kashe. Na ba direban motar safe wannan takardar don ta same ki yau Alhamis. Ki ajiye almakashi ki karanta.

Na ɗora ranakunki a kan kalanda mai nuna wata. Duka takwas ɗin washegarin cikar wata ne, babu wadda ta kauce. Gashin kuma na kyarkeci ne, babban likita ya tabbatar jiya. Ni mai aikin asibiti ce, ba na son irin wannan magana, kuma ba zan rubuta abin da nake tunani ba. Ke ma kin iya haɗa biyu da biyu.

Da farko na zauna ne in ce ki yi nesa da shi. Sai na sake karanta zancen rigarki. Auta, na sha ganin kwikwiyon da aka sa wa abin wuya aka manta har ya girma a ciki, wannan a hankali ne. Na kuma ga dabbar da wuyanta ya kumbura lokaci ɗaya a cikin igiyar da ba ta saki. Minti kaɗan ne. Rigunan baya suna yagewa ne shi ya sa yake rayuwa. Ke kuma kin zauna kin karya allura huɗu kin ɗinka wadda ba ta yagewa.

Wata zai cika yau, yana fitowa da faɗuwar rana. Ki karɓo rigar nan kafin yamma ko da ƙarya ce. Bayan haka kada ki kusance shi.

Allah ya tsare min ke.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Kafin komai, ina lafiya, shi ma yana da rai. Ki zauna, ki sha ruwa, sannan ki ci gaba. Na ƙi kiranki ne don Umma tana kusa, kuma wannan ba zancen da zan yi ana jina ba ne.

Wayar na kashe ta ne saboda iyayen yara masu jiran kayan makaranta. Direbanki kuma sai bayan biyar ya iso, wai taya ta fashe. Na karanta takardarki a tsaye. Na tsallaka titi a guje, shagonsa a rufe, ya rataye ɗan allo wai sai gobe. Ban san gidansa ba, ban san kowa nasa ba. Na dawo ina juyi a tsakiyar shago, sai idona ya faɗa kan wata rigarsa da ya kawo tun kwana tara, mai maɓalli ɗaya a cire. Na rataye ta ban taɓa ba saboda aiki. Na sa hannu a aljihu, ga takarda. Ya faɗi komai a ciki, abin da yake, da inda yake kulle kansa, da cewa yau shuɗiyar rigar zai sa. Ya kuma ce idan na yi shiru ya ɗauka na ƙi shi. Kwana tara bawan Allah yana gaishe ni daga nesa, ni kuma ina ɗaga masa hannu da fil a baki.

Na ɗauki babban almakashi, ƙaramin na tsinke zare dama yana rataye a wuyana. Na ce wa Umma zan je ɗaukar awo. Ta ce, "Awon wa, da gudu haka?" Na ce na gaggawa ne.

Rana tana faɗuwa na isa bayan gidan katakon. Tun kafin in ga ɗakin na ji shi. Na zaci zan ji kuka irin na daji, amma abin da na ji kakari ne, irin na wanda abu ya tsaya wa a maƙogwaro. Na ja ƙofar, ko motsi. Na zagaya wajen taga na leƙa.

Yaya, ƙato ne. Ya kai ɗan maraƙi, toka-toka, yana birgima a ƙasa yana yakushin wuyansa, harshe a waje. Kuma yana sanye da rigata tsaf, ko zare ɗaya bai saki ba. Allah ya yafe min, a cikin tsoron nan sai da wani ɓangare na zuciyata ya ce, kai, ɗinki ya yi.

Na kira shi Malam, na kira shi mai agogo, na roƙe shi, na yi kuka. Ya taso ya daki sandunan har ƙura ta zubo min a ka, farcensa ya shafi hannuna, ya koma ya faɗi. Na ga idanun sun fara juyewa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba tsoron ya cinye ni ba ne, tsoron in tsaya ina kallo ya mutu a cikin kyautata.

Ban san daga ina abin ya zo ba. Na share hawaye, na gyara murya, na yi masa irin wadda nake yi a shago. Na ce, "Malam, ba ni da lokaci. Matso nan. Tsaya cak. Ɗaga haɓa."

Ya tsaya. Ya ja jiki ya zo bakin tagar, ya dafa bango da ƙafafun gaba, ya ɗaga haɓar nan sama, ya ƙame, daidai yadda ya yi ranar da na gyara masa wuyan riga. Idanun nan kalar zuma suna kallon rufi.

Na zura hannu biyu ta tsakanin sanduna. Babban almakashin ya ƙi cin bel ɗin, dama na sani, na yar da shi. Wuri ɗaya ne rigar take da lago, kuma ni kaɗai na san shi, wato zaren maɓallin wuya. Yana can ƙarƙashin muƙamuƙinsa, ya nutse cikin gashi, numfashinsa mai zafi yana sauka a goshina. Na laluba da yatsa na sa ƙaramin almakashi. Sau ashirin na naɗa, sau ashirin na yanka, ina ƙirgawa da ƙarfi ina zagin kaina. A na ƙarshe maɓallin ya yi tsalle ya daki bango, ya ja wani dogon numfashi da har yanzu nake ji a kunnena. Ban bar shi ya sauka ba sai da na bi sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na ce, "To, sauke." Ya sauke.

Ya kwanta a ƙarƙashin tagar yana haki. Na ɗan zauna a waje na jingina da bango har numfashinsa ya daidaita, sannan na tafi gida kafin Umma ta tara min unguwa. Yakushin ba zurfi, na wanke, na je an yi min allura, kada ki fara.

Yau Asabar, shagonsa bai buɗe ba tun ranar. Raina ba daɗi, Yaya. Amma kin cece shi, kuma ba zan manta ba.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Malama mai ɗinki,

Bayan gaisuwa. Na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa saboda ba ni da fuskar da zan shigo da ita, kuma ba ni da sauran riga mai aljihu.

Ban tuna komai da kyau ba, sai muryarki da ƙamshin man keke a hannunki. Da ƙofa ta buɗe ƙarfe shida na tarar da almakashinki a ƙarƙashin taga, da ɗigon jini uku a kan sandar ƙarfe. Na duba jikina, ba nawa ba ne. Kin ba ni raina, ni kuma abin da na ba ki ke nan.

Wautata ce ta jawo. Da na buɗe baki na yi magana kamar kowa, da ba ki sa hannu cikin tagar nan ba. Kin ga abin da nake da idonki, ba zan sa ki ki riƙa ganinsa a tsallaken titi kullum ba. Zan kwashe kayana ranar Laraba. Agogonki ba zai ƙara yin baya ba, amma a riƙa goge masa ƙura duk wata shida, kuma don Allah a daina taɓa shi da yatsa.

Almakashin yana wurin mai wanki. Na wasa shi.

Ki yafe min. Allah ya saka miki da alheri.

Mai agogo

*

Malam mai agogo,

Gaisuwa. Na ga takardarka, kuma ba inda za ka.

Amsar waccan takardar, mai faɗin, ita ce e. Ta makara ne a aljihu.

Na faɗa wa Umma komai. Ta ce marigayi Babanmu dare talatin yake minshari a wata, kuma ta zauna da shi shekara talatin da biyu, naka dare ɗaya ne. Ta ce ka zo gobe da yamma ta ƙofar gida, ba jarida a hannu. Manaja ba ta amince ba, amma ba a tambaye ta ba.

Na sayo maɓallan matsawa irin na rigar jarirai, masu buɗewa da an ɗan ja. Awo biyu nake bukata. Ɗaya gobe, ɗayan idan wata ya cika, zan zo bakin taga da tef ɗina.

Idan ka shigo kada ka sunkuyar min da kai. Ka ɗaga haɓa, yadda ka yi rannan.

Taka,
Mai ɗinki